YADDA AKE GANO SABUWAR BAKTERIYA A CIKIN LAKAR KWATAMI

Duk shekara idan damina ta kawo jiki, mutanen Funtuwa da Malumfashi sukan fito da shebur da manjagara su yashe kwatoci da lambatu don kada ruwa ya ci gidaje. Abin da ake tsamowa kowa ya san shi, wato baƙar lakar nan mai yauƙi da wari, wadda ake tarawa a bakin hanya, kowa ya zo wucewa sai ya toshe hanci. Amma ba kowa ne ya san cewa cokalin shayi ɗaya na wannan laka yana ɗauke da halittu masu rai da suka fi dukan mutanen Nijeriya yawa ba. Waɗannan halittu su ne bakteriya. Mafi yawansu kuwa har yanzu ba su da suna, domin ba wanda ya taɓa ware su ya bincika su.

Lokaci lokaci mukan ji a rediyo an ce masana a wata ƙasa sun gano sabuwar ƙwaya. Tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce, yaya aka san sabuwa ce? Abin da ido ba ya gani, ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, ba shi da fure balle 'ya'ya, da me za a bambanta shi da ɗan'uwansa? Amsar wannan tambaya ce za mu bi daki daki a nan.

BA DUKA NE KE KAWO CUTA BA

Da Hausa mun saba cewa ƙwayoyin cuta, sai sunan ya sa ake yi musu kuɗin goro. Gaskiya ne akwai miyagu a cikinsu, kamar masu kawo amai da gudawa, da taifot, da tarin fuka, da sanƙarau. Amma waɗannan 'yan kaɗan ne. Bakteriya ce ke mayar da madara ta zama nono. Ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, kuma babbar mai wannan aiki sunanta Bacillus subtilis. Idan ka tuge gyaɗa ko wake ko waken soya za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Gidajen wata bakteriya ke nan, wadda ke kamo naitirojin daga iska ta ba shuka, shi ya sa masarar da ta biyo bayan waken soya a gona takan yi kyau.

Bakteriya ƙwaya ɗaya ce tal. Idan aka jera guda 1,000 tsawonsu ba zai wuce milimita 1 ko 2 ba. Ba ta haihuwa, rabewa take yi gida biyu. Wadda ake kira Escherichia coli, mai zama a hanjin mutum, idan ta sami abinci da ɗumi takan rabe duk bayan minti 20. Ka lissafa da kanka: cikin awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2.

DON ME AKE NEMA A CIKIN LAKA?

A manyan birane ba a barin ruwan bayan gida da na wanke-wanke da na masana'antu ya shiga kogi haka nan. Akan tara shi a manyan tankuna a tsabtace shi tukuna. A shekarar 1914 wasu masana biyu a birnin Manchesta ta Ingila, Edward Ardern da William Lockett, suka nuna cewa idan aka riƙa hura iska a cikin dagwalon ruwa, sa'an nan aka bar lakar ta kwanta, aka ɗebi lakar aka mayar cikin sabon dagwalo, to ruwan yakan tsabtata cikin 'yan awoyi maimakon makwanni. Dabarar daidai take da ta mai nono wadda ke zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara. Lakar ba ƙazanta kaɗai ba ce, taron bakteriya ce masu cinye ƙazantar. Har yau wannan hanya ce aka fi bi a duniya, kuma irinta aka gina a Wupa ta Abuja.

To, wannan laka kamar kasuwa take, kowane irin baƙo yana ciki. A shekarar 2019 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan lakar wuraren tsabtace ruwa guda 269 a ƙasashe 23. Masu binciken sun ƙiyasta cewa ire-iren bakteriyar da ke cikin irin wannan laka a duniya sun kai wajen biliyan 1, amma guda 28 kacal ne aka tarar kusan ko'ina. Ka gwada wannan da jinsunan da aka raɗa wa suna bisa ƙa'ida, waɗanda ba su haura 20,000 da nisa ba.

A ƙasarmu ta arewa wurin da aka fi bincika shi ne Kano. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyam wajen gyaran fata, kuma kuromiyam guba ne idan ya yi yawa. Rafin Getsi yana ɗauko ruwan Bompai ya haɗe da Jakara, wadda ta riga ta kwaso ruwan kwatocin birni, su gangara madatsar Wasai. A gaɓar rafukan nan manoma suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello sun sha ɗebo laka daga waɗannan wurare, suka sami bakteriyar da ke jure kuromiyam, yawancinsu daga dangin Bacillus da Pseudomonas. Abin da ake fata shi ne a sami wadda za a sa ta aikin rage gubar kafin ruwan ya kai lambu. Mu ma nan abin ya shafe mu. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso, kuma duk abin da ya bi kwata a gari ƙarshenta rafi zai shiga, ko fadama, ko madatsar ruwa.

WARE ƘWAYA ƊAYA DAGA CIKIN TARO

Ba a iya bincika bakteriya tana cikin cunkoso. Dole sai an ware ta ita kaɗai.

Da farko akan ɗebo lakar a kwalbar da aka dafa a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 har minti 15, don kada wata baƙuwar ƙwaya ta shiga. A ɗakin gwaje-gwaje sai a jera kwalaben gwaji, kowace da mililita 9 na ruwan gishiri mai tsabta. A ɗiga mililita 1 na laka a ta farko, a girgiza, a ɗebi mililita 1 daga cikinta a zuba a ta biyu, haka haka har ta shida. A kwalba ta shida lakar ta tsinke sau miliyan 1 ke nan. Daga nan sai a shafa kaɗan a kan faranti.

Farantin nan na gilashi ko roba mai murfi sunan Julius Petri ya ci, wani mataimakin Robert Koch a Jamus, wanda ya fito da shi a 1887. A cikinsa akwai abinci da aka daskarar da wani abu mai kama da ƙaro wanda ake samu daga ciyawar teku, ana ce da shi aga. Wata mata ce, Fanny Hesse, ta ba da shawarar amfani da shi wajen 1881, domin ta san shi a ɗakin girki, ta kuma san ba ya narkewa a lokacin zafi. Littattafai da yawa sukan ambaci Koch su manta da ita.

Bayan kwana ɗaya ko biyu a akwatin ɗumi sai a ga 'yan tsibi-tsibi sun fito a kan farantin, wani fari, wani rawaya, wani ja, wani mai santsi, wani mai kaushi. Kowane tsibi zuriyar ƙwaya ɗaya ce. Idan, alal misali, mililita 1 daga kwalba ta shida ta ba da tsibi 40, to lakar asali tana da aƙalla miliyan 40 a kowace mililita. Sai mai bincike ya ƙona bakin 'yar waya a wuta, ya bari ta huce, ya taɓo tsibi ɗaya ya zizara a sabon faranti. Zai maimaita sau uku ko huɗu har ya tabbata ba gauraye. Wanda ya yi gaggawa a nan duk aikin da zai biyo baya ya ɓaci, don zai riƙa auna halittu biyu yana tsammani ɗaya ce.

Akwai wata matsala babba a wannan mataki. Idan aka ƙirga ƙwayoyin da ke cikin laka ta madubin likita, aka kuma ƙirga tsibin da suka fito a faranti, sai a ga waɗanda suka tsiro 'yan ƙalilan ne, sau da yawa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran ba sa son abincin da aka ba su, ko iska tana kashe su, ko kuwa ba sa iya rayuwa sai da maƙwabtansu. Za mu komo kan waɗannan masu taurin kai nan gaba.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Idan an sami tsantsar ƙwaya sai a fara yi mata tambayoyi. Ta farko ita ce siffa. A madubi wasu kamar ƙwallo suke, wasu kamar guntun kara, wasu a lanƙwashe kamar waƙafi, irin mai kawo amai da gudawa. Ta biyu ita ce rini. Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar a 1884. Akan zuba rini mai launin shunayya, a bi shi da aidin, a wanke da sifirit, sa'an nan a zuba jan rini. Masu kaurin bango sukan riƙe shunayya, masu siririn bango kuwa sukan saki su ɗauki ja. Da wannan gwaji na 'yan mintoci an raba bakteriya gida biyu, kuma har gobe likitoci suna dogara da shi wajen zaɓen magani.

Daga nan sai a duba halayenta. Wane sukari take ci? Tana bukatar iska ko iska tana kashe ta? Wane zafi ta fi so? Gishiri nawa take jurewa? Tana motsi ko ba ta yi?

Muna da kyakkyawan misali a nan gida. A shekarun 1970 an gudanar da wani babban aikin binciken cututtuka a ƙasar Malumfashi, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful. Cikin abubuwan da aka bincika har da sanƙarau, kuma cikin likitocin akwai Brian Greenwood, wanda ya yi shekara goma yana aiki a Zariya. An riƙa goge maƙogwaron mutane masu lafiya da auduga don a ga su wa ke ɗauke da ƙwayar sanƙarau, wato Neisseria meningitidis. To amma a maƙogwaro akwai wata 'yar'uwarta, Neisseria lactamica, wadda kusan ba ta cutar da kowa, kuma an fi samunta a ƙananan yara. A madubi kamarsu ɗaya, ƙwallaye biyu biyu manne da juna, dukansu ja suke ɗauka. Abin da ya raba su shi ne sukarin da ke cikin madara: lactamica tana cin sa, ƙwayar sanƙarau ba ta ci. Da ba a yi wannan gwaji ba, da an ƙirga yara masu yawa cikin masu ɗauke da sanƙarau alhali ba haka ba ne. An buga sakamakon wannan aiki a 1982.

Shekara da shekaru irin waɗannan gwaje-gwaje ne kaɗai ake da su, ana gwada amsoshin da abin da ke cikin littafin Bergey, wanda aka fara bugawa a Amurka a 1923. Sai dai hali yakan ruɗi mutum. Ƙwayoyi biyu da ba su haɗa kaka ba suna iya cin abinci iri ɗaya, 'yan gida ɗaya kuma suna iya saɓawa.

BINCIKEN ASALI

Manomi ya san cewa farfara da kaura launinsu daban, amma duka dawa ce. Gero da maiwa lokacin nunarsu daban, amma jinsinsu ɗaya. Masara kuwa ko an shuka ta a kunya ɗaya da dawa ba ta zama dawa. Haka masana suke so su sani game da bakteriya: wannan sabon jinsi ne, ko kuwa reshe ne kawai na jinsin da aka riga aka sani? Abin da ke yanke hukunci yanzu shi ne DNA, wato dogon zaren da ke cikin kowace ƙwaya, wanda aka rubuta gadon halitta a kansa da haruffa huɗu, A da C da G da T.

A 1977 wani masani a Amurka, Carl Woese, ya nuna cewa akwai wani yanki na wannan rubutu da kowace bakteriya take da shi, ana kiransa 16S. Tsawonsa haruffa wajen 1,500 ne, kuma a hankali yake canzawa daga zuriya zuwa zuriya. Saboda haka idan aka jera 16S na ƙwayoyi biyu aka ƙirga haruffan da suka saɓa, za a san nisan dangantakarsu. Kamar tsagar gado ce a fuska, wadda dattijo zai duba ya gaya maka gidan da yaro ya fito. A yau mai bincike yakan aika DNA a karanta masa, sa'an nan ya sa haruffan a kwamfuta, ta intanet a gwada su da na dukan jinsunan da aka sani. A 1994 an tsayar da cewa idan kamar ba ta kai kashi 97 cikin 100 ba, to jinsi daban ne. A 2006 aka ɗaga iyakar zuwa wajen 98.7.

Amma a lura, wannan awo gefe ɗaya yake yanka. Idan kamar ta gaza iyaka, lalle akwai alamar sabon abu. Idan ta haura, wannan bai tabbatar da cewa jinsi ɗaya ba ne. Dubi waɗannan uku. Bacillus anthracis ita ke kawo cutar saifa mai kashe shanu da tumaki, har da mutane. Bacillus cereus ita ke ɓata dafaffiyar shinkafar da ta kwana a waje ta sa mutum amai. Bacillus thuringiensis kuwa tsutsa take kashewa, kuma daga gare ta aka samo abin da aka sa wa waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019 don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso. Ukun nan 16S ɗinsu ya yi kama fiye da kashi 99 cikin 100. Wanda ya tsaya a nan ya ce ɗaya suke, ya haɗa maganin gona da annobar garke.

Don haka yanzu akan karanta dukan DNA na ƙwayar, haruffa miliyoyi, a gwada shi da na 'yan'uwanta mafi kusa. Idan kamar ta yi ƙasa da kashi 95 zuwa 96 cikin 100, sai a ce an sami sabon jinsi. Waɗannan iyakoki dai mutane ne suka yi shawara suka ajiye su, ba a jikin bakteriya aka tarar da su a rubuce ba, shi ya sa akan gyara su. A 2020 an tsinka dangin Lactobacillus, inda yawancin masu tsamar da nono da koko suke, aka mayar da shi dangogi 25. Ɗalibin da ya ga sunan da ke littafinsa ya saɓa da na sabuwar mujalla kada ya ɗauka kuskure ne.

RAƊIN SUNA

Ko an tabbatar sabuwa ce, ba a raɗa mata suna a ɗaka. Akwai doka ta ƙasa da ƙasa. Dalilin dokar kuwa shi ne, a da kowa yakan sa sunan da ya ga dama, har ƙwaya ɗaya ta sami suna biyar, wani sunan kuma a nemi ƙwayarsa a rasa. Daga 1 ga Janairu 1980 aka share allo, aka zubar da dubban tsofaffin sunaye, aka bar jinsuna wajen 1,800 waɗanda ake da shaidarsu.

Sharuɗɗan yau su ne: a rubuta cikakken bayanin ƙwayar da abin da ya bambanta ta da danginta, a zaɓi reshe ɗaya ya zama abin misali na jinsin, a ajiye shi da rai a rumbunan ajiyar bakteriya guda biyu a ƙasashe biyu daban, kamar DSMZ ta Jamus da JCM ta Japan, yadda duk mai shakka zai iya aikawa a ba shi ya gwada da kansa. Sa'an nan sunan ya fito a mujallar da aka keɓe don wannan aiki, wadda ake taƙaita sunanta IJSEM. Rumbunan nan biyu su ne shaidun suna.

Sunan kansa kalma biyu ne cikin sigar Latin, bisa tsarin da Carl Linnaeus ya kafa tun ƙarni na 18. Ta farko sunan dangi, ta biyu sunan jinsi. Sau da yawa sunan yakan faɗi inda aka samo ta. A 2016 masana a Japan suka ba da labarin wata bakteriya mai cin irin robar da ake yin gorar ruwa da lemo. Sun tattara samfuri 250 na ƙasa da laka da dagwalo daga wurin da ake sake sarrafa gorunan roba a birnin Sakai, suka sami guda ɗaya da ta cinye siririn fallen roba cikin wajen mako 6. Suka kira ta Ideonella sakaiensis, wato ta Sakai. Babbar yayarta a dangin, Ideonella dechloratans, ita ma daga lakar wurin tsabtace ruwa aka samo ta a ƙasar Suwidin, a 1994. A 2015 masana a birnin Marseille ta Faransa sun ba wata ƙwaya suna Bacillus niameyensis, domin daga cikin wani yaro na birnin Yamai aka samo ta. Akwai kuma rassan Salmonella masu sunan Kaduna da Jos da Vom da Ibadan, amma waɗannan rassa ne, ba jinsuna ba, kamar dai farfara da kaura.

WADDA TA ƘI TSIROWA

Yanzu mu koma kan masu taurin kan nan, don a cikinsu ne aka sami labarin da ya fi kowane.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ɓata ruwa shi ne amoniya, mai warin nan da ake ji a makewayi ko a buhun takin yuriya da ya jiƙe. Idan ta shiga kogi da yawa takan kashe kifi. Abin da littattafai suka koyar shekara da shekaru shi ne, bakteriya ba ta iya sarrafa amoniya sai da iskar oksijin. Shi ya sa wuraren tsabtace ruwa suke hura iska dare da rana, kuma hurin nan yakan cinye wajen rabin wutar lantarkin wurin ko fiye.

A ƙarshen shekarun 1980, a wata masana'antar yis mai suna Gist-brocades da ke garin Delft a ƙasar Holan, wani mai bincike, Arnold Mulder, ya lura amoniya tana ɓacewa a cikin wani tankin dagwalo wanda ba iska a cikinsa. Bisa ga littafi wannan ba ya yiwuwa. Aka kai maganar wurin Farfesa Gijs Kuenen na jami'ar garin. Suka gwada: idan aka dafa lakar ko aka sa mata guba sai aikin ya tsaya. Ashe mai rai ne ke yi. Suka buga wannan a 1995, kuma da farko masana da yawa ba su gaskata ba, ko da yake wani masani ɗan Ostiriya, Engelbert Broda, ya riga ya nuna da lissafi tun 1977 cewa ya kamata a ce akwai irin wannan halitta.

Sai neman mai aikin. Aka yi ta shafa lakar a faranti, ba ta tsiro ba. Daga baya aka gane ɗaya daga cikin dalilan: ita ba minti 20 take yi kafin ta rabe ba, wajen kwana 11 take ɗauka ko fiye. Sai suka canza dabara, suka riƙa kiwonta a cikin tanki, suna ba ta abin da ita kaɗai ke ci, har bayan watanni lakar ta juya ta zama ja. Suka juya lakar a injin da ke raba ƙwayoyi bisa nauyinsu, kamar yadda mai sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi, har suka sami ƙwayoyin da suka kusa zama tsantsa. A 1999 Marc Strous da abokan aikinsa suka karanta 16S ɗinta, suka ga ba ta kusa da kowace bakteriya da aka sani mai cin amoniya. Aka kuma tarar a cikin aikinta tana yin wani sinadari mai suna haidirazin, wanda ake zubawa a roka a matsayin mai.

Amma da yake ba a iya ware ta tsantsa an ajiye a rumbu ba, doka ba ta yarda a ba ta cikakken suna ba. Irin waɗannan akan sa musu kalmar Candidatus a gaba, wato mai jiran tabbaci. Sunanta ke nan Candidatus Brocadia anammoxidans, an ɗauko Brocadia daga sunan masana'antar. Rashin cikakken suna bai hana ta aiki ba. A 2002 aka gina mata babban tanki na farko a birnin Rotterdam, wanda ya ɗauki fiye da shekara uku kafin ya kankama saboda nawarta. Yanzu ana amfani da ita a ƙasashe da yawa, kuma tana rage bukatar hurin iska da wajen kashi 60 cikin 100. A 2003 aka sami danginta a Baƙin Teku, aka gane cewa babban kaso na naitirojin da ke komawa iska daga tekunan duniya su ke mayar da shi. Saboda irin waɗannan ƙwayoyi ne wasu masana suka kafa wata sabuwar doka a 2022, mai suna SeqCode, wadda ta yarda a raɗa suna da shaidar DNA kaɗai. Har yanzu ba duka masana ne suka karɓe ta ba.

LAKAR GIDA

Wuraren da suka fi ba da sababbin jinsuna su ne waɗanda rayuwa ke da wuya a cikinsu, inda akwai guba ko gishiri ko kanwa ko zafi. Muna da irinsu. Rijiyar marina misali ce. Baba ba ya narkewa a ruwa, bakteriya ce ke juya shi a cikin ruwan toka har ya kama zane, shi ya sa marini ke jira kwanaki kafin rijiya ta nuna. Daga tukwanen baba na ƙasar Japan masana sun fitar da sababbin jinsuna da dama, cikinsu har da Alkalibacterium iburiense, a Ingila kuma an sami Clostridium isatidis a 1999. Karofin Ƙofar Mata a Kano da na sauran garuruwanmu ganyen babansu daban ne, tokarsu daban, zafin ƙasarsu daban, kuma katsin da ke kwance a gindin rijiyoyinsu laka ce mai rai. Haka ramin majema, da kwatamin mahauta, da ruwan rinin masaƙa.

Gargaɗi ga ɗalibai: kada wani ya ce zai gwada wannan a ɗakin kwana. Tare da masu amfani, a cikin lakar nan akwai ƙwayoyin taifot da atuni da ƙwan tsutsar ciki, akwai kuma waɗanda maganin asibiti ya daina ci. Farantin da ya tsiro ba a buɗe shi sai a gaban malami, kuma dafa shi ake yi kafin a zubar. Sokawe da rufaffen kwatami kuwa sukan tara iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke iya kashe mutum cikin 'yan mintoci, saboda haka ba a leƙa su, balle a shiga.

Wanda ya kai jami'a ya ɗauki wannan aiki, abin da zai fara yi tun a bakin kwatami shi ne ya rubuta a jikin kwalba wurin, da ranar, da zafin lakar, da tsaminta, ya kuma sa ta cikin ƙanƙara, domin duka waɗannan za a tambaye shi a ƙarshe. Warewa da rini da gwajin sukari ana yin su a Zariya da Kano da Katsina. Karanta dukan DNA da ajiya a rumbuna biyu su ne masu cin kuɗi da lokaci, kuma daga ɗebo laka zuwa fitowar suna akan yi shekara biyu ko fiye. Idan ƙwayar ta cika sharuɗɗa, mai binciken yana da ikon ya ɗauki sunan Funtuwa ko Malumfashi ya liƙa masa wutsiyar nan ta Latin, -ensis, kamar yadda aka yi wa Sakai da Yamai. Idan kuwa awon DNA ya nuna ta haura kashi 96 da wata da aka sani, sai a rubuta ta a matsayin reshe na wancan jinsi, a ba ta lamba, a mayar da ita firiza.